Kyanwar Marigayiya da Furar Dingyaɗi

Ina wanke kwalaben magani a bayan asibitin Shagari sai taubashina ya iso da jakunansa. Ɗan gwaggona ne, yana fataucin albasa daga Boɗinga zuwa kasuwannin da ke kudu da mu. Bai sauke kaya ba. Ya tsaya a bakin danga ya yi sallama, muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi gida. Da na ga bai fara tsokanata ba yadda ya saba, sai na ajiye kwalbar da ke hannuna, domin rabon da ya zo mini da irin wannan fuska tun ranar da ya zo kirana da damina, matata tana kwance.

"Inna tac ce in hwaɗa maka mussar marigayiya ba ta jin daɗi," in ji shi. "Ta rame ƙwarai. Ruwa taka sha kamar raƙumi."

Yana gama faɗa sai kunya ta kama shi, babban mutum da gemunsa ya yi tafiyar yini ya kawo saƙon kyanwa. Ya ce shi dai aiko shi aka yi, kuma in ina da tukuicin ɗan aike in miƙo, tunda yanzu ya zama manzon mussa. Na yi dariya don kada ya tafi da nauyi. Ya kora jakunansa ya nufi kasuwa, ni kuma na koma kan kwalabena.

Zamanin Turawa ne, ina malamin asibitin En'e. Gidanmu yana Boɗinga, aikina yana Shagari. Ɗaki ɗaya aka ba ni a bayan asibitin, shi ya sa matata ta zauna a gida tare da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Ran Alhamis bayan azahar nake hawa keke in tafi gida, in yi Juma'a a can, in komo da safiyar Asabar. Haka muka yi duk shekarun aurenmu. Allah ya ba mu haihuwa, bai bar mana ba. Da damina ta yi nisa a waccan shekara zazzaɓi ya kama ta, kafin gero ya nuna mun kai ta makwancinta.

Kyanwar tata ce. Da ita ta zo daga gidansu a Dingyaɗi ranar da aka kawo ta, 'yar mitsitsiya a cikin kwando tsakanin ƙore da tukwane, mata suna ta yi mata dariya. Launin toka gare ta, da fari a ƙirji. Ni ba ta taɓa kula ni ba. In na shigo ran Alhamis sai ta tashi daga bakin ƙofa ta koma gindin rumbu, ta zuba mini ido har in tafi masallaci. Matata in ta dama furarta ta rana takan sha ta rage a ƙoƙo ta ajiye mata, tana yi mata hira kamar mutum, tana gaya mata wadda ta haihu a unguwa da abin da aka yi a bakin rijiya. Bayan rasuwar aka raba kaya yadda shari'a ta ce. Tufafi suka tafi, tasoshi suka tafi, aka share ɗakin aka ja ƙofa. Kyanwa ba ta shiga rabon gado ba. Ta ci gaba da zama a bakin ƙofar ɗakin.

Da na isa gida ran Alhamis ɗin nan, a gindin randa na same ta, tana lasar danshin ƙasa. Gashinta ya cukurkuɗe, ƙashin bayanta ya fito ana iya ƙirga shi da ido. Gwaggo ta ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne ci take yi fiye da da, ba ta barin komai a kwano, amma kullum ƙara zubewa take yi. Ta ce kewa ce, dabba ma ta san wanda ya tafi. Ban musa mata ba.

Da safe na bi ta bayan rumbu inda take fitsari. Ta tona, ta yi, ta rufe, ta koma gindin randa. Ƙasar wurin duk ta jiƙe, ga kiyashi sun ja layi daga gindin danga sun taru a kai baƙi ƙirin. Na daɗe a tsugune. Tambaya ce da nake yi wa mutane a asibiti, in mutum ya zo yana ramewa yana yawan ƙishirwa: ko ka lura kiyashi suna bin inda ka yi fitsari? Ban taɓa tsammanin zan ga amsarta a bayan rumbunmu ba. Na samo tsohuwar tasa na binne a wurin, na yayyafa rairayi mai tsabta a kai kaɗan, na zauna nesa ina jira. Sai da aka kusa kiran sallar Juma'a na samu abin da nake nema, na tace a ƙyalle na zuba a kwalba. Gwaggo tana kallona daga bakin murhu. Ta ce ta ga 'yan boko suna abubuwa iri-iri, amma wannan yau ta fara gani.

A asibiti muna da wani ruwa shuɗi na gwaji. Ana zuba shi a siririyar kwalba, a ɗiga fitsari a ciki, a riƙe a kan ƙaramar fitila har ya tafasa. In babu sukari shuɗin ba ya canzawa. In akwai kaɗan sai ya koma kore, in da yawa rawaya, in ya wuce nan sai ya yi ja kamar jar ƙasa. Na bari sai da mutane suka watse ran Asabar, sannan na gwada. Ya yi ja tun bai gama tafasa ba.

Na san akwai allurar ciwon sukari a babban asibiti a Sakkwato, na kuma san ta mutane ce, ko mutanen ma ba duka ke samu ba. Ba da daɗewa ba likita Bature ya zo rangadi. Da ya gama duba marasa lafiya da ɗakin magani, yana wanke hannu, na ce masa ina da mai ciwon sukari wanda ba zai iya zuwa Sakkwato ba, me za a yi masa a gida? Ya tambayi shekarunsa. Na ce tsoho ne, a irin nasu. Ya tambaya namiji ko mace, kuma me ya sa ban kawo shi ya gani ba. A nan na rasa mafita, na ce masa kyanwa ce, ta matata da ta rasu. Ya goge hannunsa a tawul, bai yi dariya ba. Ya ce a hana ta duk abin da aka yi da hatsi, da duk abin da ke da zaƙi, a ba ta nama da kifi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ruwa ya yanke mata. Ya ce wannan zai ja mata lokaci ne kawai, in sani.

Na tsara abin yadda zan iya daga nesa. A kasuwar Shagari ana samun busasshen kifi mai kyau, sai in saya in ɗaure a ganye, taubashina ya kai gida in zai koma tsakiyar mako. Na yi magana da wani mahauci a Boɗinga ya riƙa ajiye wa Gwaggo guntun hanta da huhu. In yara sun kamo fara a saya. Na zauna da Gwaggo na yi mata bayani dalla-dalla: ba tuwo, ba ƙanzo, ba kunu, ba fura, ko da kyanwar ta yi kuka. Ta ce ta ji. Taubashina kuwa ya samu abin yi. Ko a tsakiyar kasuwa ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce ga likitan mussa nan, a ba shi hanya. Ya ce shi da yake ɗan Adam tuwon dawa yake ci da miyar kuka, amma yana dakon kifi zuwa ga kyanwa, wannan in ba ƙarshen duniya ba mene ne. Duk da haka bai taɓa mantawa da ƙunshin ba, kuma na ji daga baya in kifin ya yi kaɗan yakan ƙara daga aljihunsa.

Kowace Juma'a ina binne tasa, kowace Asabar ina tafasa ruwan shuɗi. Ja yake yi. Na zargi Gwaggo a raina, na duba kwanon kyanwar na ga ƙayar kifi ce kawai a ciki. Na zargi maƙwabta. Na tambaya a hankali, kowa ya ce shi bai ba ta komai ba tun da Gwaggo ta yi magana.

Wata rana aka aike ni Sakkwato karɓo magani a tsakiyar mako, hanyar kuwa ta Boɗinga take bi. Ranar kasuwar garin ce. Na ce bari in leƙa gida in sha ruwa. Ina jingine keke a zaure sai na ji muryar da na sani daga cikin gida, na tsaya cik. Surukata ce, mahaifiyar matata. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa cin abinci inda take ba, in na hango ta a hanya nakan sake hanya, ita ma haka. Haka muka tashi muka tarar ana yi, kuma girmamawa ce. Ban shiga ba. Ta wata kafa a jikin zana na gan ta zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakin marigayiya, ta miƙe ƙafafu, ƙwarya a gefenta. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙwayar sukari irin ta kanti, ta jefa a ƙoƙo, ta dama da ludayi, ta ajiye. Kyanwar ta sa kai.

"Sha," in ji ta. "Sha, ke ma marainiya ta. Ta bar mu, ni da ke."

Na ɗauki kekena a hankali na fita, ban sha ruwan ba.

Ran Alhamis na tambayi Gwaggo. Ba ta ɓoye ba. Ta ce tun bayan sadakar arba'in tsohuwar take zuwa kowace ranar kasuwa, da ƙafa daga Dingyaɗi, da furar da ta daka da hannunta. Tana sa sukari domin haka 'yarta take son furarta. Takan zauna har rana ta karkata, ta bar sauran furar a ƙwarya a rufe, ta ce a riƙa ba kyanwar kullum da rana, sadaka ce, ladan ya kai ga mai ita. Gwaggo kuwa tana bayarwa, a ƙoƙon marigayiya, ba a kwanon da nake dubawa ba.

"Gwaggo, hurar nan ita ka kashe ta," na ce.

"To je ka hwaɗa mata."

"Kin san ba ni iyawa."

"Ni ina iyawa? Matar da tab bizne ɗiyatta, ta tako tun daga Dingyaɗi da ƙwarya bisa kai, in tarbe ta in ce sadakarki guba ta? Ba da bakina ba, ɗan nan. Kuma amana tab ba ni, ban zubar da ita."

Na ce to ranar kasuwa a kulle kyanwar a ɗakina har tsohuwar ta tafi. Gwaggo ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce ko ban taɓa jin malamai suna faɗin makomar wadda ta kulle kyanwa ba? Ta ce ban da haka ma, kyanwar tana jin muryar tsohuwar za ta fara kuka, sai a ce mata me? Na juya ga taubashina. Ya ce shi ko jakinsa ne ya mutu ba zai iya buɗe baki da wannan magana gaban uwar da ke makoki ba, in nemi wani bawan. Surukina namiji ya daɗe da rasuwa. Ƙanen matata, wanda da shi kaɗai zan iya yin magana kai tsaye, ya tafi cin rani can ƙasar Gwalkwas ta bakin teku, ba a san ranar dawowarsa ba.

Na yi ta juya abin a raina a kan hanya, zuwa da komowa. Kyanwar nan ita ce abin da ya rage mai numfashi daga ɗakin matata. Ban ga wata dabara ba sai ɗaya. Wata Asabar da sassafe na shimfiɗa tsumma a kwando, na sa ta a ciki, na rufe da tsohon zane na ɗaure a bayan keke. Ta karce mini hannu har jini ya fito. Gwaggo tana tsaye a tsakar gida da buta a hannu. Ta tambaye ni abin da za ta ce in tsohuwar ta zo. Na ce ta ce na tafi da ita wurin aiki don in yi mata magani. Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Kuka ta yi tun daga bakin gari har Shagari. Na tsaya a gindin wata tsamiya na ba ta ruwa a tafin hannu ta cikin zanen, ta sha, ta ci gaba da kukan. Wasu mata masu tallar nono suka wuce suna waige.

A ɗakina na zuba rairayi a fasasshen kasko na ajiye a lungu, na cika tasa da ruwa. Ta shige ƙarƙashin gado ba ta fito ba sai in na fita. Da safe in ba ta kifi in ja ƙofa in tafi asibiti, taku kaɗan ne. In layi ya ragu sai in zagayo in ƙara ruwa in ajiye guntun nama, in koma. Da azahar haka, da la'asar haka. Na buɗe taga don iska, na kafa mata karare don kada ta fita. Maganar Gwaggo a kan kulle kyanwa ba ta bar ni ba, nakan gaya wa kaina cewa ni ina ciyar da ita. Sannu a hankali ta daina ɓuya. Ta zaɓi wuri a bayan ƙofa, ta kwanta ta sa hanci a ƙasan ƙyaure inda haske ke shigowa. Ruwan gwajin ya sauka daga ja zuwa rawaya, wata rana har ya yi kore. Na riƙe kwalbar a hasken taga ina dubawa, na rasa wanda zan nuna wa.

Zuwa gida ya yi mini wuya. Babu wanda zan bar wa ita a Shagari, kuma ban ga dalilin wahalar da ita a kwando kowane mako ba. Na fara tsallake Alhamis, ina aika wa Gwaggo da cefane ta hannun ɗanta. Ran Juma'a in na dawo daga masallaci sai in zauna a ɗaki, garin ya yi tsit, ni a kan gado ita a bayan ƙofa. A irin wannan zaman ne na ji kaina ina yi mata magana. Na gaya mata wani Bafulatani ya zo da gyambo a ƙafa ya ƙi allura, na gaya mata albasa ta faɗi a kasuwa. Ba ta juyo ba. Sau ɗaya kawai, ina zaune ina gyaran fitila, ta taso ta zo ta jingina da ƙafata na ɗan lokaci, sannan ta koma wurinta. Ban motsa ba har ta tashi.

Taubashina ne ya kawo mini labarin gida. Ya zauna a kan benci bayan an tashi aiki, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce tsohuwar ta zo ranar kasuwa ta tarar da bakin ƙofa ba kowa. Gwaggo ta faɗa mata abin da na ce a faɗa. Ta shimfiɗa tabarmarta ta zauna yadda ta saba har rana ta karkata, ta bar ƙwaryar ta tafi. Mako na gaba ta sake zuwa, ta leƙa, ba ta zauna ba. Daga nan ba a ƙara ganinta ba. Ya ce ya ji a bakin matan Dingyaɗi masu kawo kuka da daddawa kasuwa, wai ta ce ta gane, mai gida ba ya son ta riƙa yi masa sintiri a gida tunda igiyar da ta haɗa su ta tsinke, ya kuwa yi mata da hankali, bai kore ta da baki ba.

"Ba haka ba ne," na ce.

"Na sani, ubangidana. Amma ita ba ta sani ba."

Bai yi mini ba'ar likitan mussa ba ranar. Ya sa hularsa ya tafi.

Na yi niyyar in mayar da kyanwar, na fasa. Tana samun sauƙi, gashinta ya fara kwantawa. Na ce bari ta ƙara murmurewa, bari ƙanen matata ya dawo daga Gwalkwas in aike shi da bayani. Ana haka bazara ta shigo da zafinta. Ɗakin nan rufin kwano ne, da rana kamar tanderu. Na riƙa jiƙa buhu ina shimfiɗa mata. Duk da haka na ga ta fara tafiya wani iri, ƙafafun baya sun saki, tana taka ƙasa da dukan ƙaurinta maimakon tafin. Ta kasa hawa bakin kaskon rairayi, na sake mata da faifai. Sannan ta fara barin kifi. Na kawo hanta ɗanya, ta shinshina ta kawar da kai. Ruwa kaɗai take sha, numfashinta yana wani wari kamar na ruɓaɓɓen mangwaro. Na tafasa ruwan shuɗi ya yi ja, alhali rabonta da hatsi tun Boɗinga. Na ga irin wannan a mutane, na san abin da ke biye.

Ran Alhamis na sa ta a kwando. Wannan karon ba ta karce ni ba, ba ta yi kuka a hanya ba, har sai da na riƙa tsayawa ina ɗaga zanen ina dubawa. Da muka isa na ajiye kwandon a tsakar gida na buɗe. Ta ɗaga kai ta shinshina iska, ta fito da kanta, tana jan ƙafafun baya, ta bi ta gefen randa ta je bakin ƙofar ɗakin marigayiya ta kwanta. Gwaggo ta kawo ruwa a ƙoƙo ta ajiye mata, ta koma bakin murhu ta juya mana baya ta daɗe tana gyara itace.

Na sami taubashina a ranar na roƙe shi ya biya Dingyaɗi ya sa a gaya wa tsohuwar kyanwa ta dawo gida. Ya ce zai je da safe. Ran Asabar dole in koma, domin an sa mana aikin lamba, wato rigakafin agana, a ƙauyuka, mutane suna jira. Kafin in hau keke na ce wa Gwaggo in tsohuwar ta zo da fura a bar ta ta ba ta, da sukarin da komai. Na tsuguna a bakin ƙofar na ɗora hannu a bayan kyanwar. Ta bar ni.

Ba ta kai ranar kasuwa ba. Gwaggo ta ce da hantsi ta same ta a wurin, kamar mai barci. Ta naɗe ta a tsumma ta sa aka haƙa rami a gindin dangar baya. Ranar kasuwa Gwaggo ta share bakin ƙofar ta shimfiɗa tabarma ko da tsohuwar za ta zo, don ta faɗa mata a zaune. Ba ta zo ba. Taubashina ya rantse mini saƙon ya isa, a gabansa aka shiga aka faɗa mata.

Da aka gama aikin lamba na je Dingyaɗi. Na sayi goro da sabulu, na sa rigata ta Juma'a. A hanya na shirya maganar a bakina, gajeriya, yadda ba za ta ji ciwo ba: cewa kyanwar ciwon sukari gare ta, likita ne ya hana ta hatsi, na ɗauke ta ne don in ja mata kwana, kuma gidan gidanta ne ko yaushe. Na yi sallama a zaure, wata maƙwabciya ta shiga ta faɗa. Tsohuwar ba ta fito ba, ba a kuwa sa ran ta fito. Ta zo bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida ta zauna, ina jin motsin tabarmarta. Na cire takalmi na durƙusa ta wannan gefen. Na gaishe ta, ta amsa. Ta tambayi Gwaggo, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, na tambayi jiki da mutanen gida da labarin na Gwalkwas. Ta ce shiru har yanzu. Na miƙa goron ta hannun maƙwabciyar, ta sa albarka. Na gyara durƙuso.

"Inna, game da mussar nan," na ce.

"Na ji," in ji ta. "Allah shi jiƙan mai ita. Ka yi ɗawainiya, Allah shi saka."

Na amsa da amin. Maƙwabciyar tana tsaye a kanmu, wasu mata biyu sun leƙo daga cikin gida. Na buɗe baki, sai na ga babu yadda zan fara ba tare da na ambaci furarta ba. Ta sa aka kawo mini ruwa a moɗa, na sha. Ta ce rana tana yi, hanyata da nisa, in gaida Gwaggo. Na ji ta naɗe tabarma.

Da damina ta faɗi aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari can gabas, zuwa gida ya koma sai salla-salla. Ƙanen matata bai dawo a shekarar ba. Tsohuwar ta rasu ina can, labari bai same ni ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Ban gaya mata dalilin da ya sa na ɗauke kyanwar ba.